Wai Scots yare ne ko Turanci ne ya karkace? Kuma me ya sa mutanen Sikotlan suke ƙin a ce musu Scotch?

Sadiq_Gilasgo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku fitar da ni duhu. Watana biyu kenan da zuwa birnin Gilasgo na Sikotlan karatu, akwai wani dattijo maƙocinmu mutumin kirki wlh, shi ya nuna min yadda ake raba shara a kwandunan nan masu kala-kala har da shagon da ake samun naman halal. Jiya muna hira a bakin ƙofa ina so in yaba masa sai na ce ai ku Scotch kuna da kirki, sai na ga fuskarsa ta ɗan canja, ya yi dariya dai amma irin ta yaƙen nan, ya ce min Scotch abin sha ne a kwalba, shi Scot ne ko Scottish. Na ba shi haƙuri ya ce ba komai. To abin ya tsaya min a rai domin a satin farko ma na ce wa wata mata English ta gyara min da sauri kamar na taka mata ƙafa. Sannan ga wata kalma Scots da nake ta gani a laburare wai yare ne. Yaren me? Ni dai abin da nake ji a bas Turanci ne da aka murɗe wa wuya, rabin maganar direba ba na kamawa. Yare ne da gaske ko kuwa irin burokan da muke yi a gida ne?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Hhhh sannu Sadiq, kowa da irin wannan ya fara, kai ma ka ci sa'a dattijon mai haƙuri ne. A taƙaice dai mutum ɗaya Scot, da yawa Scots, in za ka siffanta kuma Scottish. Scotch ka bar shi ga kaya, giyarsu ta wiski, da ƙwan nan da ake naɗewa da nama a soya, da wani romonsu na sha'ir. English kuwa ko da wasa kar ka sake. British wani zai amsa wani ya ɓata rai, sai ka karanci mutum tukuna.

DanFagge01:
Ni fa duk wannan iyayi ne. Bature Bature ne, sarki ɗaya fasfo ɗaya kuɗi ɗaya, mu tun muna yara Turawan Ingila muka sani.

Maman_Hanifa:
@DanFagge01 kuɗin ma ba ɗaya ba ne sosai, bankunansu uku suna buga nasu fam ɗin na takarda, ka kai shi wani shago a Landan ka ga yadda mai kanti zai yi ta juya shi kamar ka ba shi jabu.

Malam_Nahawu:
Malam Sadiq tambayarka biyu ce a haɗe, bari in ɗauki ta yaren. Harsuna uku ne na gado a Sikotlan kuma mutane suna yawan cakuɗa biyu daga ciki. Akwai Turanci da kowa ya sani, wanda suke yi da irin nasu lafazin. Akwai Gelik, wannan ya yi nisa da Turanci ƙwarai, ɗan'uwan yaren mutanen Ailan ne, an fi jinsa a tsaunukan arewa da tsibiran yamma irin su Lewis, shi ne kake gani a allunan tashar jirgin ƙasa a ƙasan sunan gari da kuma jikin motar 'yan sanda, a cikinsa sunan ƙasar ma Alba ne. Sai na uku Scots, shi wannan uwarsu ɗaya da Turanci, dukkansu daga tsohon Turancin da ƙabilar Angles, kakannin Ingilishi, suka shigo da shi suka fito, na arewa ya bi hanyarsa na kudu ya bi tasa shekaru aru-aru. Saboda haka ba wai Turancin Landan ne aka koya aka kasa ba. A ƙidayar 2011 kusan mutum miliyan 1.5 suka ce suna magana da Scots cikin mutum miliyan 5.3, masu Gelik kuwa ba su kai dubu 60 ba. Abin da kake ji a bas galibi tsaka-tsaki ne, mutum ɗaya zai yi wa likita Turanci tsantsa ya fito waje ya haɗu da abokinsa ya zame zuwa Scots ba tare da ya san ya sauya ba.

Injiniya_Bash:
Malam da girmanka amma ban yarda ba. Shekarata 7 a Edinbara, abin da kuke kira yare ɗin nan house ne ya koma hoose, mouse ya koma moose, don't ya koma dinnae, shikenan fa. In haka ne to Sakkwatanci ma yare ne, tunda Basakkwace zai ce maka "mi kaka so" Bakano ya tsaya yana kallonsa. Karin harshe ne kawai siyasa ta shiga ciki tun da suka fara maganar ɓallewa daga Birtaniya.

Sarkin_Yaƙin_Gobir:
Injiniya ka bar Sakkwatanci a inda ka gan shi, mu ne masu Hausar ku kuka karkace 😂

Malam_Nahawu:
@Injiniya_Bash maganarka tana da ƙamshin gaskiya ta wani ɓangaren, su kansu mutanen ƙasar ba su gama wannan gardamar ba, za ka samu mai yin Scots safe da yamma ya rantse maka shi slang kawai yake yi. Amma misalin hoose ɗin da ka kawo ai hujjata ce ba taka ba. Asalin kalmar hus ce da wasalin u mai ja, mutanen kudu ne suka canja nasu wasalin ya koma hawus, na arewa suka riƙe na kakanni. Haka nicht, dare kenan, da wannan sautin na maƙogwaro irin kha ɗin Larabci, Turanci ya yar da sautin ya bar haruffan gh a rubuce babu mai faɗarsu. To wa ya karkace? In kana son misali daga gida kar ka ɗauki Sakkwatanci, ɗauki Gwandara, masana sun ce babu harshen da ya fi shi kusa da Hausa, Bahaushe zai tsinci kalmomi da yawa a ciki amma babu mai cewa Hausa ce ta lalace. Sannan mutanen Nowe da Suwidin da Denmak suna fahimtar juna bakin gwargwado amma kowa ana ce wa nasa harshe saboda kowa yana da tuta da gwamnati.

Scots ma ya taɓa zama harshen fada, da shi ake rubuta dokokin majalisarsu da waƙoƙin fadar sarki a ƙarni na 15 da na 16. Abu uku suka karya shi. A 1560 suka bar ɗariƙar Katolika, Baibul ɗin da ya shigo coci-coci na Turancin Ingila ne, sai ya zama duk Lahadi da Turanci ake jin maganar Ubangiji. A 1603 sarkinsu James na 6 ya gaji sarautar Ingila ya tattara fadarsa ya koma Landan. A 1707 aka haɗe majalisun biyu. Daga nan duk mai son muƙami sai ya gyara bakinsa, har David Hume babban masanin falsafarsu sai da ya tara jerin kalmomin gida da ya kamata marubuci ya guje musu.

Injiniya_Bash:
Tarihin na karɓa Malam. Amma na yau fa? Ka nuna min jarida ɗaya da ake bugawa kullum da shi daga farko har ƙarshe, ko rubutu ɗaya da kowa ya yarda da shi, wani ya rubuta dinna wani dinnae. Harshen da ba shi da daidaitacciyar ƙa'ida ni a wajena da saura.

Zee_Kaduna:
Injiniya to Hausar da muke rubutawa a nan fa? Wani ya rubuta "ɗan" wani "dan" wani "d'an", wani ya haɗe "yace" wani ya raba. Kenan mu ma da saura?

Ummi_Abadin:
Ni dai Injiniya ka zo Abadin (Aberdeen) can arewa maso gabashin Sikotlan ka kwana biyu sai mu yi magana, kai kana Edinbara cikin 'yan boko da masu yawon buɗe ido. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida a wajen gari kuma wlh watan farko kuka ne kawai ban yi ba, na zo da Turancina na digiri ina taƙama tsohuwa ta kalle ni ta ce "fit like, quine?" na yi tsuru. Ashe gaisuwa ce, yaya kike yarinya. Nasu na nan Doric ake ce masa, duk inda Turanci yake da wh su f suke sawa, what ya zama fit, where ya zama far, yaro namiji loon mace quine. Wata rana aka ce min wata tsohuwa tana "greetin" na ce to madalla tana gaisuwa, ashe kuka take yi, greet a wajensu kuka ne. Messages kuma ba saƙo ba ne cefane ne, piece burodi ne da aka sa wa wani abu a tsakiya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne masu ciwon mantuwa, akwai wadda ta yi aikin koyarwa shekara da shekaru da Turanci mai kyau amma da ciwon ya yi nisa sai bakinta ya koma na ƙauyensu gaba ɗaya, in ka yi mata Turancin asibiti ba ta kula ka, in ka ce mata "come awa, ma quine" sai ta miƙo hannu. Ni daga nan na daina ce masa buroka.

Hajiya_Mai_Waina:
Allah sarki tsufa. Allah ya ba ki lada Ummi. Ni tambayata daban ce, attarugu da muke saya a shagon 'yan Afirka an rubuta Scotch bonnet a jiki, shi kuma me ya haɗa shi da su? Mutanen da ko yaji kaɗan suka ci sai hawaye.

Maman_Hanifa:
Hajiya hula ce 😂 bonnet hula kenan, akwai wata hularsu ta gargajiya mai faɗi a sama kamar an danne ta, wai attarugun ya yi kama da ita shi ne aka laƙaba masa. Ba su suke noma shi ba, sanyin nan ina zai bar shi.

Abba_RedDevil:
Ni duk bayanin nan sai yanzu na gane abin da ya sa ba na jin hirar Baba Ferguson bayan wasa sai an rubuta a ƙasa, ashe ba kunnena ne ke da matsala ba. Mutumin Govan ne a Gilasgo, unguwar masu ƙera jiragen ruwa. Shekara 26 yana kocin Manchester United amma bakin nan bai canja ba ko kaɗan. Sadiq in ka samu hali ka je unguwar ka ɗauko mana hoto.

Kwankwason_Celtic:
Sadiq shawara kyauta, kafin ka koyi Scot da Scotch ka fara koyon kalar rigar da za ka sa ranar da Celtic da Rangers za su haɗu, kore ko shuɗi, wannan ya fi saurin jawo maka magana a garin nan. Efe Ambrose ɗan Kaduna ya buga wa Celtic, su Aribo da Bassey da Balogun kuma Rangers.

Baban_Khalifa:
Tunda an shigo ƙwallo, ku yaran yanzu kun san cewa a Legas in aka ce wa mutum "dundee" ko "Dundee United" wawa ake nufi? Sunan kulob ne na garin Dandi a can Sikotlan, sun zo Najeriya wasannin sada zumunta a 1972 ba su taɓuka abin kirki ba, ana cewa daga nan sunan ya samo asali. Kun ga mu ma mun yi musu suna ba su sani ba.

Zee_Kaduna:
Baba wai garin Dandi 🤣 wanda ya tafi karatu can sai a ce ya tafi yawon dandi kenan.

Sadiq_Gilasgo:
Na gode ƙwarai jama'a, ina ta karantawa. Amma har yanzu ba a faɗa min dalilin da Scotch ta zama abin ƙi ba, tunda Scottish da Scotch ai kusan abu ɗaya ne a kunne. Sannan wani ɗan ajinmu ɗan Ingila yana kiran wani Jock shi kuma yana amsawa, wannan fa?

Lauya_Mk:
Scotch gajarta Scottish ce da mutanen Ingila suka yi, kamar yadda Scots take gajartawar Scottis a bakin 'yan ƙasar. Da can su ma suna amfani da ita ba tare da jin komai ba, Robert Burns mawaƙin da suke yi wa biki duk 25 ga Janairu ya yi amfani da ita, hukumar ilimin ƙasar ma da aka kafa a 1872 Scotch Education Department sunanta, sai a 1918 aka mayar da ita Scottish. Abin da ya ɓata kalmar shi ne yadda maƙwabta suka riƙa haɗa ta da rowa da maƙo, in an ce abu Scotch ne to an tsuke hannu kenan. Kalma kuma in ta daɗe a bakin mai raina ka ko da asalinta lafiya lau ne sai ka ji ba ka sonta. A Amurka da Kanada har yanzu akwai jikokinsu da ke ce wa kansu Scotch-Irish ba su ga laifinta ba, domin kakanninsu sun bar gida tun kafin kalmar ta yi tsami.

Jock kuwa John ne a bakinsu, suna ne na yanka da ya yi yawa har ya zama sunan kowa, kamar yadda ake ce wa ɗan Ailan Paddy ɗan Wels Taffy. A soja ƙananan sojojin rundunoninsu da kansu suke amsa Jocks da alfahari. Amma kai baƙo kar ka fara.

Aminu_Agege:
Wato dai Jock shi ne "aboki" ɗinsu. Ni da na girma a Legas na san wannan ciwon, kalma ce mai daɗi a Hausa amma in ɗan kudu ya ce maka "aboki, come here" ka san ba abota yake nufi ba, mai gadi ko mai shushaina yake gani ko da kana da digiri uku. In Bahaushe ɗan'uwana ya ce min aboki kuwa ko a jikina. Bakin da kalma ta fito shi ne magana.

Grace_Bajju:
Na ji daɗi da Malam Aminu ya kawo wannan, sai dai in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Ku ma Hausawa kuna yi wa mutane. Mu Bajju ne amma Kaje aka sa mana, Atyap aka ce Katab, Gbagyi aka ce Gwari har ana cewa wane ya yi gwaranci, Ibo kuma Inyamuri. In mutum ya ce ga sunan da yake so sai a ce ya cika tsirfa, kamar yadda wani ya ce "iyayi" a sama. Dattijon nan na Sadiq abin da ya yi kenan, ya faɗi sunansa da bakinsa.

DanFagge01:
To ni aka jefa kenan. Na karɓa 'yar'uwa, amma wani abin wasa ne na tsakanin ƙabilu kamar Fulani da Barebari ko mu da Zagezagi, in aka ce komai zagi ne zumunci zai mutu.

Grace_Bajju:
Wasa sai da yardar wanda ake yi da shi ai. Bafulatani da Babarbare kowa yana ramawa.

Admin_Garba:
Jama'a a yi a hankali kar mu bar Sikotlan mu dawo Kudancin Kaduna, an san yadda irin wannan take ƙarewa. Kowa ya faɗi nasa cikin mutunci.

Malam_Nahawu:
Bari in mayar da mu. Su ma fa suna da nasu sunayen da suke jifan wasu da su. Ɗan Ingila Sassenach suke ce masa, daga Gelik ne, asalinta Saxon. Mutanen birni suna ce wa na tsaunukan arewa teuchter, kusan baƙauye kenan, 'yan Edinbara suna ce wa 'yan Gilasgo Weegie. Abin dariyar ma shi ne sunan Scot ɗin kansa aro ne. Rumawa ne suke kiran masu Gelik da ke tsallakowa daga Ailan Scoti, wato asalin Scot mai jin Gelik ne. Masu wannan yaren da muke gardama a kai Inglis suke kiran harshensu da bakinsu har wajen ƙarshen ƙarni na 15, sannan suka fara ce masa Scottis, Gelik kuma suka koma ce masa Erse wato na Ailan, kamar baƙo. Ka ga sun karɓe sunan sun bar masu shi da sunan baƙunta. Bayan haɗewar 1707 har wani yayi aka yi na kiran ƙasar North Britain, babban otal ɗin da ke kan tashar jirgin Edinbara North British sunansa kafin a mayar da shi Balmoral.

Injiniya_Bash:
Yawwa Malam ka faɗa da bakinka, su da kansu Inglis suke ce masa. Na huta.

Malam_Nahawu:
Injiniya kar ka yi saurin naɗe tabarma, mutanen Holan ma Dutch ake ce musu Jamusawa kuma Deutsch, suna ɗaya ne asali, bai sa harshensu ya zama ɗaya ba. Kuma ta fuskar hukuma an wuce wurin, gwamnatin Birtaniya ta amince da Scots a ƙarƙashin yarjejeniyar Turai ta ƙananan harsuna tun 2001, a 2025 kuma majalisar Sikotlan ta zartar da dokar da ta ba shi matsayin harshen hukuma shi da Gelik.

Injiniya_Bash:
Doka ai 'yan siyasa ke yin ta. A ofishinmu dai ban taɓa ganin wanda ya rubuta imel da shi ba, sai dai kalma ɗaya outwith da suke sawa ko'ina su ɗauka Turanci ce.

Malama_Tarihi:
Ni abin da nake so in ƙara, mu Hausawa mun daɗe da haɗuwa da mutanen nan ba mu sani ba, duk muka zuba su a buhun Turawan Ingila. Mungo Park da ya bi kogin Kwara ya wuce Yawuri ya halaka a Busa a 1806 ɗan Sikotlan ne. Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa ya rasu a can a 1827, mutumin Annan ne a kudancin Sikotlan. Baikie da ya zauna a Lakwaja har ya yi fassara zuwa Hausa daga tsibirin Orkney yake. Mary Slessor ta Kalaba da muka karanta a firamare a Abadin aka haife ta ta girma a Dandi tana aikin masaƙa, har hotonta wani bankinsu ya sa a takardar fam 10. A makaranta duk "Bature ɗan Ingila" aka koya mana. Amma kuma kar a wanke su tas, da su aka yi mulkin mallaka, sun cika soja da kamfanonin ciniki da ofisoshin gwamnati, ba wai 'yan kallo ba ne.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan duka anasara muke cewa, wanda ya yi lakwal, boko kenan, ne yake rarrabe Anglais ɗan Ingila da Écossais ɗan Sikotlan. Abin da ya ba ni mamaki da na bincika, akwai kalmomin Faransanci a cikin Scots ɗin, faranti suna ce masa ashet daga assiette, in suna lallashin mutum su ce dinna fash daga fâcher, kar ka damu kenan. Wai sun yi tsohon ƙawance da Faransa tun 1295 don su haɗu wa Ingila kai.

Ummi_Abadin:
@Issoufou_Maradi dinna fash yersel kullum sai na ji ta a wajen aiki wlh ban san daga Faransa take ba. Wata abokiyar aikina 'yar Nowe kuma ta ce bairn da kirk, yaro da coci, kusan haka suke a nasu.

Baban_Khalifa:
Maganar Ummi ta tsohuwar malamar nan ta tsaya min. Wani abokin aikina a nan da ya haura 60 ya ba ni labari cewa suna yara in malami ya yi tambaya ka ce aye maimakon yes to ka jawo wa kanka, akwai wata bulalar fata mai baki biyu tawse da ake zabga musu a tafin hannu, sai 1987 aka hana ta a makarantun gwamnati. Na ce masa kai ka zauna in ba ka labarin vernacular, mu a sakandare monita ne yake rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji, ko tara ko bulala ko yankan ciyawa. Muka yi ta dariya amma ni na ga bambanci ɗaya, mu an ce mana namu yare ne daban a ajiye shi a gida, su kuwa an ce musu nasu ba yare ba ne ma, rashin iya magana ne. Ina ganin nasu ya fi ciwo, shi ya sa har yau wani in ya yi sai ya ce a yi haƙuri da bakinsa.

Zee_Kaduna:
Kun tuna abin da ya faru da Wikipedia ta yaren Scots a 2020? Aka gano wani matashi a Amurka da ba ya jin yaren shi ya rubuta maƙaloli sama da dubu 20, yana ɗaukar Turanci yana canja harufa yana tsinto kalmomi daga ƙamus, shekaru ana karantawa ana cewa ai ga shi nan Scots Turanci ne da ba a iya rubutawa ba. Injiniya ko can ka karanto naka? 😜 Ni abin ya tuna min da irin Hausar inji da ake cika mana intanet da ita yanzu.

Injiniya_Bash:
Zee ni a bakin mutane na ji ba a intanet ba. Amma zan je Abadin ɗin in Allah ya yarda, Ummi ki tanadi tuwo.

Abba_RedDevil:
To wai mu da Hausa me za mu ce musu? Muna da Ba'amurke, Bafaranshe, Bajamushe, Ba'indiye. Basikote? Sikotawa? Yaren kuma Sikotanci?

Sarkin_Yaƙin_Gobir:
Basikoce dai, kamar Basakkwace. Mace Basikotiya.

Malama_Tarihi:
Sikotawa ta zauna a baki wlh. Amma 'yan jarida "ɗan Scotland" suke cewa su wuce. Matsalar ma tun daga sama take, Ingila muke ce wa ƙasar gaba ɗaya, har a labarai sai ka ji an ce Sarkin Ingila ko firaministan Ingila alhali Birtaniya ake nufi. Lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 2014 da kashi 55 suka ce a zauna kashi 45 suka ce a ɓalle, na sha wahalar yi wa mahaifina bayanin yadda za a ce wani yanki na "Ingila" ba Ingila ba ne, sai da na ce masa Baba kamar a kira Babarbare Bahaushe ne don yana Arewa, ya ce to ai sai ki ce haka tun farko.

Lauya_Mk:
Sikotanci za ta kawo rigima, wanne daga ciki, Scots ko Gelik? Rigimar da Malam_Nahawu ya ce an yi shekara 500 da suka wuce ita za mu sake da Hausa. Sannan Scot ɗin yau ba sai fari mai jan gashi ba, Humza Yousaf da ya shugabanci gwamnatinsu daga 2023 zuwa 2024 Musulmi ne haifaffen Gilasgo mahaifinsa daga Pakistan, in ya buɗe baki ba ka tambayar daga ina yake. 'Ya'yanmu da ake haifa a nan ma haka, 'yata ta dawo daga makaranta tana ce min wee kaza wee kaza, ƙarami kenan, uwarta tana ta faɗa wai a bar mata Turancin kirki.

Sadiq_Gilasgo:
Na dawo da rahoto. Yau da yamma na haɗu da dattijon yana fitar da shara na ce masa aye, it's a dreich day, kamar yadda wani ya koya min ta inbox, wato ranar nan mai duhu da yayyafi da sanyi da ba ta da daɗi. Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya sa na maimaita dreich sau uku wai kha ɗina ya fi na jikokinsa, na ce masa albarkacin makarantar allo ce. Na tambaye shi maganar Scotch ya ce kakarsa har ta mutu Scotch take ce wa kanta, shi ne dai ba ya so. Da na tambaye shi ko Scots yare ne sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai haka ake magana a gidansu. Injiniya da Malam sai ku raba wannan.

Malam_Nahawu:
Amsarsa tawa ce.

Injiniya_Bash:
Ina fa, tawa ce.

Hajiya_Mai_Waina:
Ku dai ku yi ta yi. Sadiq shagon naman halal ɗin da ya nuna maka a wace unguwa yake, kuma suna kawo attarugun?